Kafin Ka Sayi Lens, Auna Ɗakin da Za Ka Yi Hoto

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa da ɗan abin da ya tara. Abokansa babur suka saya, shi kuwa sai ya sayi kyamara: Sony a6000 ta hannu, irin marar madubin nan da 'yan hoto ke ce wa miralas, tare da ɗan lens ɗin da take zuwa da shi a kwali, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara. Ba sana'a zai yi da ita ba. Sha'awa ce, irin wadda ta kama ni shekarun baya har yau ba ta sake ni ba. Ko sati biyu bai yi da ita ba ya same ni a soro bayan isha'i, ya ce, "Kawu, kowa cewa yake in sayi hamsin. Wai in ba ka da 50mm ba ka fara hoto ba." Na ce wane ne kowa? Ya ce mutanen YouTube, da 'yan gurup ɗinsu na WhatsApp, har da mai shagon da ya sayar masa.

Na ce to gyara zama, ni ma kowan nan ya taɓa kai ni ya baro.

Sunan 'yar ƙanwata ake yi a wani gida cikin lungunan Mandawari. Na tafi da sabon 50mm f/1.8 ina ta ɗoki, na bar tsohon lens ɗina a gida saboda na raina shi. Ɗakin mai jego ƙafa sha biyu sha biyu ne, gado ya cinye rabi, sif ya cinye mafi yawan abin da ya rage. Gwaggonmu ta ce, "Zo ka ɗauke mu gaba ɗaya da jaririyar." Su bakwai ne a bakin gado. Na ja da baya har ƙeyata ta daki bango, na leƙa, mutum uku nake gani, su ma daga ƙirji zuwa sama. Na fita bakin ƙofa na tsaya a kan takalman mutane, labule yana shafa mini kai, duk da haka na gefe da gefe ba su shigo ba. Wata yarinya ce ta zaro waya ta ɗauke su tas a ƙiftawa ɗaya. Gwaggo ta kalli abin da ke rataye a wuyana ta ce, "Ashe abin naka girman banza ne."

Lens ɗin ba shi da laifi. Ni ne na saye shi ban tambayi kaina inda ƙafata za ta tsaya ba, kuma duk rikicin zaɓen lens a kan wannan tambayar yake juyawa: mita nawa ne tsakaninka da abin da za ka ɗauka, kuma wane irin haske ne a wurin.

Lambar farko da ke jikin kowane lens, wadda ake rubutawa da milimita, ita ke faɗin yawan abin da zai shiga hoto. Ƙaramar lamba kamar 16 tana kwaso fili mai faɗi, babba kamar 200 tana tsuke gani ta jawo abu mai nisa. Sai dai lambar ita kaɗai ba ta gama zance, sai an san girman sensar da ke cikin kyamarar, wato farantin da haske ke sauka a kansa. Babbar sensa, wadda ake kira ful-firem, girman fim ɗin da ne: milimita 36 a kwance, 24 a tsaye. Yawancin kyamarorin da masu sha'awa ke iya saya a Kano ba ita gare su ba. Irin su a6000 da a6400, da Nikon Z50, da dangin Fujifilm X, matsakaiciyar sensa ce da su mai suna APS-C, wajen 23.5 a kwance da 15.6 a tsaye. Ta Canon, irin ta R50 da R10, ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Ta Olympus da wasu Panasonic kuwa 17.3 ce da 13.

Ƙaramar sensa tsakiyar hoton kawai take gani, kamar mai leƙen waje ta ƙaramar taga. Shi ya sa ake ninka lambar lens da 1.5 a Sony da Nikon da Fujifilm, da 1.6 a Canon, da 2 a Olympus, don a san abin da za a gani in an kwatanta da babbar sensa. Hamsin ɗin da na kai gidan suna, a kan kyamarata gani yake kamar 75mm. A kan Canon R50 kamar 80 zai gani. A kan Olympus kamar 100.

Ga lissafin da na so a ce wani ya yi mini tun kafin in zaro kuɗi. Ɗaki mai ƙafa 12 wajen mita 3.6 ne, in ka cire gado da kaurin jikinka da ƙyar ka samu mita 3 tsakaninka da mutane. Daga mita 3, lens mai 50mm a kan APS-C faɗin mita 1.4 kawai yake ɗauka, wato kafaɗun mutum uku. Mai 30mm yana ɗaukar mita 2.3. Mai 23mm wajen mita 3. Mai 16mm ya haura mita 4, ɗakin ma gaba ɗaya har da kwanukan jere. In kuwa mutum ɗaya kake so a tsaye, daga hula har takalmi, da hamsin ɗin nan, ko ka juya kyamarar a tsaye sai ka ja baya kusan mita 4. Ɗakin bai kai ba, sai dai a fita tsakar gida.

To me ya sa duniya ta haɗu a kan hamsin? Gado ne daga zamanin fim. A kan fim mai 36 da 24, lens mai 50mm yana ba da gani matsakaici, ba faɗi ba tsuku, ga shi da sauƙin ƙerawa, ga araha, ga kaifi. Shawarar gaskiya ce a muhallinta. Masu maimaita ta a yau da yawansu babbar sensa ke hannunsu, ko kuma a manyan falo da filaye suke hoto. Wanda ke da APS-C, in irin wannan ganin yake so, 30 zuwa 35mm zai nema. Na gaya wa ɗan yayata: hamsin ɗinka talatin ne.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin f, kuma ita ce ke cin kuɗi. Tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne lambar a juye take tafiya: ƙarama babbar ƙofa, babba ƙaramar ƙofa. Dalili kuwa rabawa ce. Ka raba milimitar lens da lambar f, abin da ya fita shi ne faɗin ƙofar. 50mm a f/2 ƙofarsa milimita 25 ce. 200mm a f/2.8 sai ta haura milimita 70, shi ya sa irin wannan lens ɗin yake kamar taɓarya. Matakan kuma jere suke: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, duk taki ɗaya da ka yi gaba haske ya ragu da rabi.

A nan lens ɗin kwali yake nuna iyakarsa. Na a6000 16-50mm ne, f/3.5 in yana kan 16, f/5.6 in ka zuƙo zuwa 50. Na Nikon Z50 yana ƙarewa a f/6.3, haka ma 18-45mm na Canon R50. Da rana a waje ba ka da matsala da su, rana a Kano ba ta rowa. Amma shiga ɗaki mai taga ɗaya bayan la'asar, an ɗauke wuta, fitilar caji ce ke jingine a kan madubi. Lens mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na mai f/5.6. Mai ƙaramar ƙofa dole kyamara ta rama da ɗayan biyu: ko ta rage saurin ƙiftawa, duk wanda ya motsa ya zama inuwa, ko ta ɗaga ISO, wato ta ƙara wa ɗan hasken da ya shigo ƙarfi, hoto ya cika da tsaki-tsaki, baƙar fata ta koma toka-toka. Mu da fatarmu ke da duhu, wannan ya fi nunawa a kanmu, domin a wurare masu duhu na hoto tsakin ke fara taruwa.

Saboda haka wanda yawancin hotunansa na cikin gida ne, suna da kamu da walimar sauka da yara a tsakar gida bayan magariba, abin da zai fi canja masa hoto shi ne lens marar zuƙowa mai babbar ƙofa, tsakanin 23 da 35mm. Sigma na da wasu uku da suka yi suna a wajen masu APS-C: 16, 30 da 56mm, dukansu f/1.4. Na tsakiyan ni shi ne ya fi zama a kan kyamarata. Wanda kuma ba ya son cire wannan sa wancan, akwai masu zuƙowa da ƙofarsu ba ta raguwa, kamar Sigma 18-50mm f/2.8 da Tamron 17-70mm f/2.8. Ba su kai f/1.4 haske ba, amma a ƙarshen zuƙowa sun ninka lens ɗin kwali sau huɗu.

Babbar ƙofa tana da ɗaya amfanin, wanda a gaskiya shi ne yake kai samari ga hamsin: narkar da baya. Suna cewa hoto ya yi bula. Mutum ya fito fes, bangon da ke bayansa da igiyar shanya da jarkokin ruwa duk su narke. Abin yana da kyau, ba na musu. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Da 56mm a f/1.4, daga mita 2, kaurin wurin da ke fitowa da kaifi wajen santimita 7 ne, bai kai faɗin tafin hannu ba. Amarya in ta ɗan karkata fuska, ido ɗaya ya fito ɗaya ya dushe. Ango da abokansa in sun yi sahu biyu, na gaba su fito na baya su zama kamar an shafa musu man shanu. Hoton taro sai ka tsuke ƙofar zuwa f/4 ko f/5.6, ka ga a nan tsadadden lens da na kwali sun zama ɗaya. Ni kam har na fara gajiya da hotunan da ba a gane ko a Fagge aka ɗauke su ko a Dubai. Wani lokacin bangon ƙasar da ke baya, da zanen dagi a kansa, shi ne rabin hoton.

Akwai kuma zancen da ake yawan yi cewa lens mai faɗi yana ɓata fuska, mai tsawo yana gyara ta. Nisa ne ke yin wannan aikin. Da 16mm sai ka matso kamar za ka yi wa mutum raɗa kafin fuskarsa ta cika hoto, kuma daga nan hanci ya fi kunne kusa da kai sosai, sai ya kumbura, ba irin dogon hancin da ake yabo ba. Da 56mm kana tsaye mita biyu, komai na fuskar ya koma daidai. A nan hamsin ɗin nan yake da gida a kan APS-C: hoton mutum ɗaya daga ƙirji zuwa sama, a tsakar gida ko bakin soro da hantsi. Lens ne na fuska, aka sayar mana da shi a matsayin lens na komai.

Yanzu mu fita waje. Duk mai kyamara a Kano yana da burin hawan Sallah a ransa, balle tun da UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disambar 2024. A shekarar da aka yi hawa, in ba kana da hanyar shiga gaba ba, cikin jama'a za ka tsaya, dogarai da 'yan sanda suna tura ku baya. Ka ɗauka mita 30 ne tsakaninka da mahayi. Da 50mm, tsayin abin da ke shiga hoto daga wannan nisa ya haura mita 9, doki da mahayinsa ba su cika kashi ɗaya cikin uku ba, sauran duk kawunan mutane ne da wayoyin da suka ɗaga. Da 200mm tsayin ya koma wajen mita 2.3: ga rawani, ga alkyabba, ga jalala a kan doki, har zufar wuyansa.

Abin daɗin shi ne da rana ba ka buƙatar mai tsada. Dokin da ke sukuwa yana son ƙiftawar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma a ranar hantsi ta Kano ana samun haka a f/6.3 da ISO 200. Ƙaramin 55-210mm na Sony, mai nauyin giram 345, ya isa hawan safe. Hawan Daushe ne ke tona masa asiri. Washegarin Sallah ake yin sa da la'asar, kafin a dawo Ƙofar Kudu a fara jahi rana ta yi ƙasa, ƙurar kofato ta turnuƙe ta cinye sauran hasken. A nan mai 70-200mm f/2.8 yake shan ƙamshi, don haskensa ya ninka naka sau biyar. Amma tsofaffin irinsa kusan kilo ɗaya da rabi ne, sababbin ma wajen kilo ɗaya ne, kuma kuɗin ɗaya zai sayi kyamarar ɗan yayata har da canji mai yawa. Kwana nawa ake hawa a shekara? In ba ka zuwa kallon folo ko wasan Pillars ko dambe, aro ko haya ya fi maka, ko ka ɗaga ISO ka haƙura da ɗan tsaki. Hoton jahi mai tsaki a cikin ƙura ma wani kyau yake yi.

Kasuwar Kurmi akasin haka ce. Lungu ne da in mai kura ya taho sai ka manne da rumfa, haske yana saukowa tsinke-tsinke ta tsakanin kwano. Dogon lens a nan kaya ne. Abin da ke aiki 16 zuwa 23mm, ƙarami, wanda ba ya firgita mutane. Haka marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498: mai faɗi ne zai kwaso maka jerin rijiyoyin rini da mutumin da ke tsugune, sannan ka matso ka ɗauki hannun da baba ya rina har gwiwar hannu. Wani abu kuma da lissafi ba ya nunawa: gajeren lens yana tilasta maka sallama. Sai ka gaisa, ka ce "Baba, in ɗauka?", wani ya yarda wani ya ƙi. Dogo yana koya wa mutum satar hoto daga nesa, kuma a garin nan, musamman in akwai mata a wurin, hanyar jawo wa kai magana ce. A kan Dala kuwa kowa mai faɗi yake hawa da shi, sai gari ya fito ƙanana-ƙanana kamar an watsa tsakuwa. Gwada dogon a can, ka tsinto koriyar ƙubbar Babban Masallaci a cikin hazo da rufin gidaje sun taru a gabanta.

Duk wannan bayan an tsallake maganar baki ne, wato zoben da lens ke ɗaurawa a jikin kyamara. Sayen kyamara kamar aure ne, dangi gaba ɗaya ka aura. Sony na da bakin E tun 2010, Fujifilm bakin X tun 2012, Canon da Nikon sai a 2018 suka fito da RF da Z. Na wannan ba ya shiga wancan. Ko a gida ɗaya ma akwai 'yan uba. Canon tana da tsohon layin marasa madubi mai suna EOS M, bakinsa EF-M, ta daina yin sa, kuma lens ɗinsa ba ya hawa kan R50 ko R10 ko da adafta. Sony tana da tsohon bakin A wanda ta gada daga Minolta, shi ma sunan Alpha ne a jikinsa, amma ba ya shiga a6000 sai da adafta ta musamman. Wani abokina ya taɓa turo kuɗi Legas aka sako masa lens a mota, mai sayarwar ya rantse masa "ai Canon Canon ce." Yana nan a durowarsa, mai sayarwar kuma ya daina ɗaga waya.

Dangin kuma ba ɗaya suke wajen karɓar baƙi ba. Sony tun 2011 ta buɗe wa sauran masu ƙera lens bayanan bakinta, shi ya sa kasuwarta ta cika da Sigma da Tamron na Japan, da Samyang na Koriya, da Viltrox da sauran na Sin masu sauƙin kuɗi. Canon ta daɗe tana riƙe da ƙofarta, sai a 2024 Sigma da Tamron suka fara fito da masu saita kansu na bakin RF, su ma na APS-C. Wanda bai sayi kyamara ba tukuna, ya fara duba lens biyu ko uku da zai buƙata da kuɗinsu, sannan ya zaɓi gangar jikin. Jiki yana tsufa cikin 'yan shekaru, lens mai kyau kuwa sai ya ga jiki uku.

Cire madubin nan ya zo da wata garaɓasa. A kyamara mai madubi, wato tsohuwar ƙira mai madubi tsakanin lens da sensa, tazarar da ke tsakanin baki da sensa milimita 44 ce a Canon EF, 46.5 a Nikon F. A marar madubi 18 ce a Sony, 20 a Canon RF, 16 a Nikon Z. Tunda tazarar ta ragu, ana iya cike gurbin da zobe a ɗaura tsohon lens, amma ba a iya yin akasin haka. Ga mu a Kano wannan babban abu ne, domin shekara da shekaru masu hoton biki da situdiyo Canon da Nikon masu madubi suke riƙewa, lens ɗinsu na hannu ya fi kowane yawa a gari. Mai Canon R in ya sayi adaftar EF ta kamfanin, tsofaffin EF suna aiki a kanta lafiya lau. Mai Nikon Z yana da adaftar FTZ, sai dai ya lura: tsofaffin masu alamar AF-D, irin 50mm f/1.8D da ke yawo da araha, ba su da injin saiti a cikinsu, a kan FTZ da hannu za ka riƙa murzawa. Ɗaura Canon a kan Sony kuma yana yiwuwa, amma ya danganta da adaftar da kyamarar, wani haɗin sai ya yi ta laluben saiti kamar makaho ya yar da sanda.

Da tsohuwar zuma ake magani. Wani dattijo da ya yi hoton fasfo tun zamanin fim ya taɓa buɗe mini akwatin ƙarfe ya ciro Helios 58mm f/2, ƙirar Tarayyar Sobiyat, mai bakin murɗawa. Ya ce, "Yaro, wannan ya girme ka." Da zobe mai arha na ɗaura shi. Ba ya saita kansa, amma marar madubi tana zana launi a gefen abin da ya yi kaifi, ka murza har launin ya sauka a kan ido. Ba na bin yara da shi. Na dattijo ne a zaune a kan buzu.

Abu biyu a gurguje. Lens ɗin babbar sensa yana aiki a kan ƙarama, amma na ƙarama in ka sa shi a babba kyamarar yanke hoton take, megafiksel 24 su koma wajen 10. Duk da haka ban ga hikimar sayen manya masu nauyi don "wata rana zan koma ful-firem" ba, wata ranar nan ta daɗe tana zuwa. Sai maganin rawar hannu: a6000 da a6400 da Z50 da R50 duk ba su da shi a jiki, don haka dogon lens ya zama mai maganin a cikinsa, wato mai alamar OSS ko VR ko IS. Rawar hannunka kawai yake gyarawa, ba ya tsayar da doki.

Kuɗi kuwa kowa ya sani. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma farashin lens daga Wapa, kasuwar 'yan canji, ake yanka shi ko da a Beirut Road ka saya. Saboda haka yawancinmu na hannu muke saya, kuma na hannu sai da ido. Tafi da kyamararka. Cire murfi biyun, ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce, ba lens ɗin da ya kwana a Kano bai sha ta ba. Abin gudu shi ne fumfuna, zare-zare fari kamar saƙar gizo, da kuma hazo a jikin gilashin. Duba zoben gaba, in ya lotsa an taɓa yar da shi. Manna jarida a bango ka ɗauke ta da ƙofar lens a buɗe, ka duba kusurwa huɗu, in ɗaya ta dushe sauran suna da kaifi wani gilashi ya goce a ciki, ka ajiye masa kayansa. Ka saita kusa, ka saita nesa, sau goma, kana sauraro. Kada kuma ka sayi lens ana gobe Sallah, ba a fafe gora ranar tafiya.

Garin nan da kansa yana da ra'ayi a kan lens nawa ya kamata ka ɗauka. Marar madubi da ka cire mata lens sensarta tsirara take, ba abin da ya kare ta, sai 'yan ƙalilan da ke rufe labule in an kashe su. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sauya lens a fili gayyatar ƙura ce. Za ka gan ta daga baya, ɗigo-ɗigo a sararin sama a wuri ɗaya cikin kowane hoto. In kana son tabbatarwa, tsuke ƙofa zuwa f/16 ka ɗauki farin bango. Shi ya sa a hunturu na fi son lens ɗaya mai zuƙowa ya wuni a kai. In dole ce, kashe kyamarar, juya wa iska baya, kifa bakinta ƙasa, ka gama cikin daƙiƙa biyar. 'Yar robar hura iska ake amfani da ita, ba baki ba, ba gefen babbar riga ba. Damina kuma nata salon daban: watan Agusta, jakar fata a cikin sif, duhu da laima, nan fumfuna take haihuwa. Robar abinci mai murfi mai kamawa, da 'yan ƙullin tsotse laima irin na cikin kwalin sabon takalmi, sun ishe ka.

Ɗan yayata ya ce, "To Kawu, yanzu wanne zan saya?" Na ce ba ko ɗaya tukuna. Na sa shi ya buɗe hotunan da ya ɗauka cikin sati biyun, kowanne yana ɗauke da bayanin milimitar da aka ɗauke shi da ita. Muka ware waɗanda yake so. Kusan duka tsakanin 16 da 30 suke, na 50 ɗin 'yan kaɗan ne, su ma na ƙannensa ne a tsakar gida. Na ɗauko salatif na manna a jikin lens ɗinsa na rubuta 30, na ce sati ɗaya kada ya ɗauki hoto sai a kan 30, sati na biyu ya mayar 23, na uku 50, duk wanda ya fi ƙuntata masa ya rubuta a ina ne da kuma ƙarfe nawa.

Ran Juma'ar da ta wuce ya dawo da 50 rubuce a kan salatif ɗin. Ya je ɗaurin aure a Gwammaja, an ce ya ɗauki ango da waliyyai a cikin soro. Ban tambaye shi yadda aka ƙare ba, na ga farar ƙasar bango a bayan rigarsa.